Shingen da Faransawa suka kafa da sunan addini a Aljeriya

A shekarar 1903 kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Aljiyas ta yanke wani hukunci da har yau nake jinjina shi a raina. Alƙalan Faransa suka ce kalmar "Musulmi" a dokar Aljeriya ba ta tsaya ga aƙida ba. Tana nufin duk mutumin da asalinsa na Musulmi ne kuma ba a ba shi cikakken matsayin ɗan ƙasar Faransa ba, ko yana bin addinin ko ba ya bi. Wato da wani ɗan ƙabilar Kabil, ɗaya daga cikin ƙabilun Aljeriya, zai bar addinin iyayensa, a yi masa wankan baftisma, a sauya masa suna, ya riƙa zuwa coci duk Lahadi, to a gaban hukuma yana nan Musulminsa. Harajin da aka ɗora wa Musulmi shi ma zai biya, dokokin ƙuntatawa da aka tanadar wa 'yan asalin Aljeriya za su hau kansa, kuma ba shi da ƙuri'ar da maƙwabcinsa Bature yake da ita, ko da a benci ɗaya suke zama a coci.

Mu Hausawa da kalma ɗaya muke kiran Bature da Kirista, wato Nasara. Shi ya sa labarin mulkin mallaka yake zuwa mana da sauƙin faɗa: Nasara sun zo ne don su raba mutane da addininsu. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba ni da niyyar share ta. Sai dai wannan hukunci na 1903 ya nuna mini wani abu da ya fi wancan ɗaci. A ƙasar da Turawa suka zo zama na dindindin, yawancinsu ba su da wata bukatar Musulmi ya koma Kirista. Abin da suke bukata shi ne ya ci gaba da amsa sunan Musulmi, domin da wannan sunan ake gane wanda za a karɓe wa gona da wanda za a ba. Addini a wurinsu shinge ne, irin wanda manomi yake kafawa tsakanin gonarsa da burtali.

Kafin a fahimci haka sai an raba mulkin mallaka gida biyu. Wanda muka gani a ƙasar Hausa na ma'aikata ne. Razdan da Di'o suna zuwa, su yi rangadi, su tara haraji, su yi shekarunsu su koma Ingila su ci fansho. A watan Maris na wannan shekara ta 1903, a Sakkwato, Lugga ya yi alkawarin gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addinin Musulunci ba, kuma daga baya an taƙaita shigar mishan cikin masarautu, saboda zaman lafiyar sarakuna ya fi wa Ingila amfani. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba, kuma Baturen Arewa raɓa ya zama. Na Aljeriya kuwa ya zo da matarsa da garmarsa da dashen inabinsa, ya gina ƙauye ya raɗa masa sunan Faransanci, ya keɓe maƙabarta. Waɗannan su ne 'yan kama-wuri-zauna. A 1848 Faransa ta ayyana arewacin Aljeriya a matsayin wani yanki na ƙasar Faransa kanta, kuma zuwa 1954 Turawan da ke zaune a can sun kusa miliyan 1, a tsakiyar Musulmi sama da miliyan 8. Wanda ya zo zama ƙasa yake so, kuma dole ya samo hujjar da zai faɗa wa jikokinsa kan dalilin da ya sa mai ƙasar ya koma ɗan ƙwadago a gonar kakansa.

An fara ne da alkawari. Ranar 5 ga Yuli 1830, da birnin Aljiyas ya miƙa wuya, kwamandan Faransa Janar de Bourmont ya sa hannu a takarda tare da sarkin birnin, Husaini Dey, cewa Musulmi za su yi addininsu ba tsangwama, kuma ba za a taɓa dukiyarsu ba. Ba a yi shekara 3 ba aka ƙwace masallacin Ketchaoua, ɗaya daga cikin manyan masallatan birnin, aka mayar da shi coci a 1832. Daga baya aka sake fasalin ginin ya zama babbar majami'ar Katolika ta birnin. Wasu masallatan aka mayar da su barikin soja ko asibiti ko ma'ajiyar kaya, wasu aka rushe don a buɗe fili da tituna.

Labarin Ketchaoua shi ne kowa ya sani, domin ido yana ganin gicciye a kan masallaci. Amma ni a ganina ɓarnar da ta fi girma an yi ta ne a ofis, da alƙalami, kuma ita ce ƙwace wakafi. Mutanen Magrib suna kiransa hubus, kalmar da duk wanda ya karanci Risala a zaure ya ci karo da ita, tunda mazhabarmu ɗaya da su. A Aljiyas ta wancan zamani gidaje da shaguna da gidajen wanka da lambuna masu yawa wakafi ne. Da kuɗin hayarsu ake biyan liman da ladan da malamin makarantar allo, ake sayen man fitila da tabarmi, ake gyara magudanan ruwan sha na gari, ake ciyar da almajirai da miskinai, har ana aika wani kaso ga talakawan Makka da Madina. Tun a 1830, ƙarƙashin Janar Clauzel, aka fara mayar da wannan dukiya hannun hukumar Faransa. A 1844 kuma aka fito da dokar da ta buɗe ƙofar sayar da ita ga Turawa, alhali ma'anar wakafi ita ce abin da ba a sayarwa, ba a gado, ba a kyauta da shi.

Ka ɗauka a Kano ko Damagaram an wayi gari an ƙwace duk gonakin da malamai ke nomawa da duk gidajen da aka tsayar don masallaci da makaranta. Ba sai an aiko soja ya rufe makarantar ba. Malamin zai tashi neman abin da zai ci, almajirai su watse, ginin ya zube da kansa bayan damina biyu ko uku. Haka aka yi. Kuma shaidar ba daga bakin Musulmi ta fito ba. Alexis de Tocqueville, ɗan majalisar Faransa wanda shi kansa mai goyon bayan mamaye Aljeriya ne, ya rubuta a rahoton da ya gabatar a 1847 cewa Faransawa sun cinye kuɗin wakafi, sun bar makarantu sun lalace, kuma sun bar al'ummar Musulmi cikin talauci da jahilci fiye da yadda suka same ta. Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba ni takaici: jikokin waɗanda suka kashe makarantun su ne suka riƙa nuna jahilcin Musulmi a matsayin hujjar cewa bai cancanci ƙuri'a ba.

Da hukuma ta riƙe kuɗin masallaci, sai ta riƙe masallacin. Liman da mufti da ladan suka koma ma'aikatan gwamnati, ita ke naɗawa, ita ke biya, ita ke sallama. Zuwa aikin Hajji sai da izininta, kuma akwai shekarun da ta hana gaba ɗaya. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa sai ya yi masa aski. A 1905 Faransa ta yi dokarta da take alfahari da ita har gobe, wadda ta raba gwamnati da addini. Da aka zo aiwatar da ita a Aljeriya a 1907, sai aka bar wa gwamna damar ci gaba da biyan malaman addinin da ya ga dama. An ce na ɗan lokaci ne, amma aka yi ta sabuntawa, kuma masallatai suka ci gaba da zama a tafin hannun hukuma har ƙarshen mulkin. Gwamnatin da ta ce ba ruwanta da addini a Paris, ita ce ke tantance wanda zai hau mumbari a Ƙusanɗina.

Saboda haka ne da Shaihu Abdulhamid bin Badis da abokansa suka kafa ƙungiyar malaman Musulmin Aljeriya a 1931, ɗaya daga cikin manyan buƙatunsu shi ne gwamnati ta cire hannunta daga masallaci ta mayar da wakafi. Malamai ne ke roƙon a raba addini da gwamnati, gwamnatin da ba ruwanta da addini tana ƙi. A 1933 aka hana su wa'azi a masallatan hukuma na yankin Aljiyas, a 1938 kuma aka tsaurara doka kan makarantunsu masu zaman kansu, ana ɗaukar Larabci a matsayin baƙon harshe a ƙasar Larabawa da Barbar. Duk lokacin da na ga malami a ƙasarmu ya jingina cinsa da shansa da kujerarsa ta Makka ga gidan gwamnati, sai wannan tarihi ya faɗo mini. Kakanninmu da suka riƙe gona da sana'a tare da allo sun san abin da suke karewa.

Yanzu a dubi yadda aka jera mutane hawa-hawa. A 1865, zamanin Napoleon na Uku, doka ta ce Musulmin Aljeriya Bafaranshe ne, amma talakan Faransa, ba cikakken ɗan ƙasa ba. In yana son cikakken matsayi sai ya rubuta takardar roƙo, ya yarda ya bar hukuncin shari'ar Musulunci a aurensa da sakinsa da gadonsa. Jama'a suka ɗauki hakan kamar ridda, kuma cikin shekaru masu yawa 'yan dubbai kaɗan ne suka bi ta wannan ƙofa. A 1870 dokar Crémieux ta mayar da Yahudawan Aljeriya, kimanin 35,000, cikakkun 'yan ƙasa a rana ɗaya, ba tare da kowannensu ya roƙa ba. Waɗannan mutane ne da suka yi ƙarnuka suna zaune da Musulmi, suna magana da Larabci, kasuwarsu ɗaya. A 1889 wata doka ta ba 'ya'yan baƙin da suka zo daga Sifaniya da Italiya da Malta, waɗanda aka haifa a Aljeriya, zama Faransawa kai tsaye. Ɗan masuncin da ya tsallako teku jiya, wanda ko Faransanci bai iya sosai ba, ya zama mai ƙuri'a. Jikan malamin da zuriyarsa ta shekara ɗaruruwa a Tilimsan yana ƙarƙashin dokar 1881 da aka yi wa 'yan asalin Aljeriya, wadda ta ba jami'in mulki ikon ci masa tara ko tsare shi ba tare da alƙali ba, a kan abu kamar tafiya ba takardar izini ko yin taro ba a sanar ba.

Hujjar da ake bayarwa ita ce shari'ar Musulunci, da auren mace fiye da ɗaya da rabon gadonta, ba za ta haɗu da zama ɗan ƙasar Faransa ba. Wannan hujja ba ta tsaya da ƙafarta ba, kuma Faransa da kanta ta rushe ta a Afirka ta Yamma. A garuruwa huɗu na Senegal, wato Dakar da Saint-Louis da Gorée da Rufisque, Musulmi suna jefa ƙuri'a, sun zaɓi Blaise Diagne zuwa majalisar Faransa a 1914, an tabbatar musu da matsayin 'yan ƙasa a 1916, kuma suna riƙe da hukuncin Musulunci a harkokin iyalinsu. Shari'ar Malikiyya ce a can, ita ce a nan. Abin da ya bambanta su shi ne a Senegal babu Turawa dubu ɗaruruwa masu gonaki da za a rinjaya a akwatin zaɓe. A 1936 da gwamnatin Léon Blum ta kawo ƙudurin bai wa Musulmin Aljeriya kimanin 25,000 ƙuri'a ba tare da sun bar shari'arsu ba, galibi tsofaffin sojoji da masu ilimin boko, sai shugabannin garuruwan Turawa na Aljeriya suka yi barazanar ajiye aiki gaba ɗayansu, ƙudurin ya mutu ba a ko kaɗa masa ƙuri'a ba. Ko a tsarin 1947, a majalisar Aljeriya kujeru 60 aka ba ɓangaren da Turawa suka mamaye, 60 ga miliyoyin Musulmi.

To ina masu wa'azin Kiristanci a duk wannan? Suna nan, kuma babbansu shi ne Charles Lavigerie, wanda ya zama Akbishof na Aljiyas a 1867. Shi da gaske yake son Musulmi su karɓi Kiristanci, bai ɓoye ba. Ya iso ana tsakiyar wata muguwar yunwa, fari da fara da kwalara sun haɗu, kuma ƙwace filaye ya riga ya karya rumbunan da mutane ke dogaro da su. Dubban ɗaruruwan Musulmi suka mutu. Lavigerie ya tattara marayu sama da 1,000, ya ciyar da su, da niyyar ya rene su Kiristoci. Wanda ya tsaya masa a gaba shi ne gwamnan Aljeriya, Marshal MacMahon, wanda ke tsoron abin zai tayar da tawaye, har sai da rikicin ya kai gaban Napoleon na Uku. A 1868 Lavigerie ya kafa ƙungiyar limaman da aka fi sani da fararen fada, saboda farar jallabiya da burnus, wato alkyabba, da suke sawa irin na mutanen ƙasar. Su ne daga baya suka bazu cikin Afirka, har suka isa Navrongo a arewacin Ghana a 1906. Marayun da suka rayu kuwa, ya aurar da wasunsu ga juna ya zaunar da su a ƙauyuka biyu da ya gina a kwarin Shalif.

Ba na ganin ɗaukar ɗan mutum lokacin yunwa a sauya masa addini a matsayin alheri tsantsa, ko da an cece shi daga mutuwa. Amma abin lura shi ne yadda aka karɓi waɗannan sababbin Kiristoci. Danginsu sun juya musu baya, su kuma Turawan da aka ce sun zama 'yan'uwansu a addini ba su buɗe musu ƙofa ba. Hukuncin 1903 da na fara da shi, a kan irinsu ya faɗa. Da Musulmi miliyan guda za su shiga coci a ce sun zama daidai da Bature, wa zai tsinke inabi da arha? Da yawa daga cikin 'yan kama-wuri-zaunan ma ba masu zuwa coci ba ne, wasu har adawa suke da limaman Katolika. Baftisma da aure da jana'iza ne ke kai su. Kiristancinsu ya fi kama da takardar shaidar asali, kuma an ga haka a 1898 lokacin da suka far wa Yahudawan Aljiyas suka farfasa shagunansu, suka kuma zaɓi Édouard Drumont, fitaccen maƙiyin Yahudawa, ya wakilce su a majalisa. Da gwamnatin Vichy, wadda ta mulki Faransa a ƙarƙashin inuwar Jamus lokacin yaƙin duniya na biyu, ta soke dokar Crémieux a 1940, da yawansu murna suka yi.

Wani zai ce ina wanke coci. Ba na wanke ta. Ta karɓi masallacin da aka ƙwace ta yi ibada a ciki shekara 130. Hasumiyarta ce ke tsaye a tsakiyar kowane ƙauyen da aka gina a kan ƙasar da aka karɓe, ciki har da sama da hekta 400,000 da aka ƙwace bayan tawayen 1871, wanda Muhammad al-Muƙrani da Shaihu al-Haddad na ɗariƙar Rahmaniyya suka jagoranta. Wani ɓangare na wannan ƙasa an raba shi ne ga mutanen Alsace da Lorraine da suka baro garuruwansu bayan Jamus ta ci Faransa da yaƙi. Limaman coci sun riƙa tuna wa mabiyansu cewa wannan ƙasar Augustine ce, babban malamin Kiristanci da ya rayu a Annaba ta yau tun kafin zuwan Musulunci, don haka dawowa suka yi gidan kakanni. Wannan magana ta yi wa mai ƙwace amfani ƙwarai, domin ta mayar da Musulmin da ya shekara sama da 1,000 a wurin tamkar shi ne baƙon. Irin wannan lissafi na wa ya riga wa zuwa, a haɗa shi da addini, mu ma mun san ɗacinsa a garuruwan da ake rigimar ɗan asali da baƙo, inda sunan mutum kaɗai kan hana shi takardar ƙaramar hukumar da aka haifi kakansa a cikinta.

Shingen da aka kafa don a tsare Musulmi a waje, shi ne kuma ya zame musu garkuwa. Tunda da sunan Musulunci aka ware su, da sunansa suka haɗu. Amir Abdulƙadir, ɗan gidan Ƙadiriyya, ya yi shekara 15 yana yaƙar Faransa, daga 1832 zuwa 1847. Taken mutanen bin Badis shi ne Musulunci addinina, Larabci harshena, Aljeriya ƙasata. Ko mayafin mace ya zama fagen fama, har a watan Mayu na 1958 aka shirya bukukuwa a bainar jama'a a Aljiyas ana yaye wa mata lulluɓi don a nuna sun karɓi Faransa.

Sai dai zalunci ne a gare ni in rufe ido daga mutanen da suka ɗauki addininsu da gaske, a ɓangarorin biyu, domin su ne suka riƙa tsallake shingen. Bishof na farko na Aljiyas, Dupuch, ya yi musayar fursunoni da Abdulƙadir a 1841, ana tsakiyar yaƙi, kuma mutunci ya ɗore a tsakaninsu. Abdulƙadir ɗin nan, yana zaman gudun hijira a Dimashƙa a 1860, ya buɗe gidansa ya tsaya da mutanensa ya kare dubban Kiristoci daga masu neman kashe su, kuma ya ce addininsa ne ya umarce shi. Sai Léon-Étienne Duval, wanda ya zama Akbishof na Aljiyas a 1954, shekarar da yaƙin neman 'yanci ya ɓarke. Tun a farkon 1955 ya fito fili ya la'anci azabtar da fursunoni, daga baya ya goyi bayan 'yancin mutanen Aljeriya su zaɓi makomarsu. Mabiyansa Turawa, waɗanda yake wa jagoranci a ibada, suka tsane shi, suka laƙaba masa suna Muhammad Duval da nufin zagi. A idonsu duk wanda ya ce ran Balarabe daidai yake da nasu ya tsallaka ɗaya ɓangaren, ko da shi ne shugaban cocinsu.

A 1962, cikin 'yan watanni, mafi yawan Turawan suka hau jiragen ruwa suka nufi Faransa, ƙasar da wasunsu ba su taɓa taka ba. Duval bai bi su ba. A shekarar ce Ketchaoua ya koma masallaci, aka yi sallar Juma'a a cikinsa a watan Nuwamba. Shi kuwa ya karɓi takardar zama ɗan ƙasar Aljeriya, ya ci gaba da zama a Aljiyas har ya rasu a 1996. An binne shi a majami'ar Notre-Dame d'Afrique da ke kan tudu tana fuskantar teku, wadda aka buɗe a 1872 zamanin Lavigerie, inda a bangon ciki aka rubuta addu'a da manyan baƙaƙe ana roƙo domin Kiristoci da kuma Musulmi.